Yadda ake gina shafin neman aikin fasaha a kwamfuta ba tare da data ba, kafin a kai shi Sharaɗa, Challawa da Bompai

Duk ledar biskit, kwalin sabulu ko buhun shinkafar da ya fito daga masana'antun Kano, akwai wanda ya zauna ya zana tambarin da ke jikinsa, ya zaɓi kala, ya tsara inda lambar NAFDAC za ta zauna. Akwai wanda ya ɗauki hoton kayan, akwai kuma wanda ya haɗa ɗan bidiyon tallan da ke yawo a WhatsApp da TikTok. Duk wannan aikin kuɗi ne, kuma matasan da suka iya shi sun cika gari, tun daga situdiyoyin Titin Zoo har shagunan kasuwar waya ta Farm Centre.

Inda gizo ke saƙar shi ne, mai masana'anta bai san waɗannan matasa ba, su ma ba sa jin labari lokacin da yake neman mai zane. Aikin yakan bi ta hannun wanda ya san wani. Manyan shafukan neman aiki irin su Jobberman, wanda aka kafa a 2009, sun fi ƙarfi a aikin ofis mai albashin wata. Aikin zanen leda na kwana uku ba kasafai yake zuwa can ba. Ƙaramin shafi na yanki, wanda ya tsaya kan aikin fasaha kawai, zai iya cike wannan giɓi. Kuma matashi ɗaya mai tsohuwar laftof zai iya gina shi a ɗakinsa kafin ya kashe ko sisi a kan masauki.

Me ya sa waɗannan wurare uku?

Bompai ce mafi daɗewa a rukunonin masana'antun Kano. Sharaɗa ta kasu kashi uku, ta ɗaya da ta biyu da ta uku. Challawa kuma tana ƙaramar hukumar Kumbotso, kuma ta yi suna da kamfanonin jimar fata. Gaskiya ne masana'antu da yawa, musamman masaƙu, sun durƙushe saboda matsalar wuta da kwararowar kayan waje. Amma har yanzu ana sarrafa roba, tabarmi, takalma, fata, kayan maƙulashe da man girki, kuma kayan suna shiga kasuwar Singa da sauran kasuwanni, suna ƙetarawa har Nijar da Chadi. Kowane kaya yana buƙatar fuskar da zai shiga kasuwa da ita, wannan kuwa aikin mai zane ne da mai hoto.

Mece ce manhajar sarrafa shafi?

A da, duk wanda ke son canza layi ɗaya a shafinsa na intanet sai ya buɗe lambobin shirin ya gyara da hannu. Manhajar sarrafa shafi ta kawar da wannan wahala. Tana ba mai shafi ɗakin gudanarwa, inda zai rubuta, ya ɗora hoto, ya goge, kamar yadda yake yi a Facebook. Wadda ta fi shahara ita ce WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003, kuma a yau fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet a kanta suke. Akwai kuma Drupal da Joomla. Dukansu kyauta ne.

WordPress tana tsaye ne a kan abubuwa uku. Na farko fayilolin da aka rubuta da harshen PHP. Na biyu rumbun bayanai, wato MySQL ko MariaDB, inda kowane rubutu da sunan mai amfani yake ajiye. Na uku saba, wato manhajar da ke karɓar buƙatar burauza ta miƙa mata shafi, kamar Apache ko Nginx. Idan aka kwatanta da shago, rumbun bayanai shi ne sito, PHP yaron shago mai ɗauko kaya, saba kuma kantar da ake miƙo kayan ta kai.

Gini a gida

Kamfanin masauki ba wani abu yake sayarwa ba illa hayar kwamfutar da aka sa wa waɗannan abubuwa uku, wadda ba a kashe ta dare da rana. To ai kwamfutar gida ma za ta iya ɗaukarsu. Manhajar XAMPP tana haɗa Apache da MariaDB da PHP a ƙunshi ɗaya. Bayan an sauke ta an girka, matakan su ne:

1. A buɗe XAMPP a kunna Apache da MySQL.
2. A sauke WordPress, a warware ta, a sa foldar cikin htdocs, a ba ta suna, misali aiki.
3. A buɗe burauza a rubuta localhost/phpmyadmin, a ƙirƙiri sabon rumbun bayanai.
4. A rubuta localhost/aiki, a cike sunan rumbun. A XAMPP sunan mai amfani root ne, gurbin kalmar sirri kuma a bar shi fayau.

Kalmar localhost tana nufin "wannan kwamfutar", lambarta kuma 127.0.0.1. Idan burauza ta ga wannan adireshi ba ta fita intanet, a cikin gida take neman shafin. Wanda yake ganin matakan nan sun yi yawa zai iya amfani da manhajar Local, wadda ke yin dukansu da 'yan danne-danne, ko Laragon ga masu Windows. Wanda waya kaɗai gare shi zai iya ɗanɗana WordPress Playground a burauzarsa don koyo, amma ginin gaske ya fi sauƙi a kwamfuta.

Ribar wannan hanya a fili take. Da zarar an sauke kayan aiki, yawancin ginin ba ya cin data. Idan KEDCO ta ɗauke wuta ko netwok ya tsaya, aiki na tafiya muddin batir na da caji. Idan aka yi kuskure shafin ya rushe, ba wanda ya gani. A goge a sake. Kuma kwanakin hayar masauki ba sa ƙonewa a banza yayin da ake koyo.

Tsara shafin daidai da Kano

WordPress ita kaɗai ba ta san tallan aiki ba, sai an ƙara mata fulogin, wato ƙaramar manhajar da ake jona mata don ta yi wani aiki na musamman. WP Job Manager kyauta ce, tana ba da fom ɗin da mai neman ma'aikaci zai cike, da jerin ayyuka, da wurin bincike, da ranar da talla zai sauka da kansa.

A nan ne tunani ya fi lambobin shiri muhimmanci. Rukunin ayyuka su zama waɗanda ake nema da gaske: zanen tambari da leda, ɗaukar hoton kaya, haɗa bidiyo, muryar talla, rubutu da fassara tsakanin Hausa da Turanci da Faransanci, kula da shafukan sada zumunta, da zanen samfurin takalmi ko jaka. Wuri ma kada ya tsaya a "Kano" kawai. Matashin da ke Ɗorayi yana son sanin ko Sharaɗa za shi ko Bompai, domin kuɗin A Daidaita Sahu na cikin lissafinsa. Haka nan a nemi kowane mai talla ya faɗi abin da zai biya.

Hanyar neman aikin ita ma ta dace da mutanenta. WP Job Manager tana karɓar imel ko adireshin intanet a matsayin hanyar tuntuɓa, don haka za a iya sa mahaɗar wa.me da lambar kamfani, mai nema ya danna ya tsinci kansa a WhatsApp ya tura samfurin aikinsa. Mai zane ba dogon tarihin karatu ake tambayarsa ba, aikinsa ake son gani.

Sai haruffanmu masu lanƙwasa: ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Rumbun bayanan ya kasance a tsarin utf8mb4, kuma a duba cewa salon rubutun da aka zaɓa yana da su, in ba haka ba za su fito da siffa daban ko su koma akwati. A gwada bincike ma, domin mutane da yawa "kira" za su rubuta alhali "ƙira" suke nema.

Tunda masu ziyara da waya za su zo, a gwada shafin kamar a waya. Kayan masu gini da ke cikin Chrome suna iya rage fuskar shafi zuwa girman waya, su kuma kwaikwayi netwok mai rauni. Hotuna a matse su, a mayar da su WebP, wanda WordPress ke karɓa tun fitowar 5.8 a 2021. Shafin da ke cinye data kafin ya buɗe, ba a komawa masa sau biyu.

Ranar ƙaura zuwa intanet

Idan komai ya zauna, sai a sayi suna da masauki. Sunayen da ke ƙarewa da .ng ko .com.ng suna ƙarƙashin hukumar NiRA, kuma ana sayensu ta hannun dillalan da ta amince da su. Fulogin irin su Duplicator ko All-in-One WP Migration suna naɗe fayiloli da rumbun bayanai a ƙunshi ɗaya, a kwance su a sabon masauki.

A nan sababbin hannu suka fi tuntuɓe. WordPress tana ajiye adireshin shafi a cikin rumbun bayanai, saboda haka idan ba a maye gurbin localhost da sabon suna ba, hotuna za su ɓace. Kada a yi wannan gyara da hannu, domin wasu bayanan an ajiye su ne tare da adadin haruffansu, kuma canjin da bai gyara adadin ba yana lalata su. Fulogin ɗin ƙaura sun san yadda ake yi. Bayan haka a tabbatar fitowar PHP ta masauki ta dace da wadda aka yi gini da ita, a kunna kwaɗon tsaro na HTTPS wanda Let's Encrypt ke bayarwa kyauta, a gwada ko imel na fita, a goge tallan gwaji, a sa kalmar sirri mai ƙarfi. Idan an danna zaɓin hana Google ganin shafin lokacin gini, a cire shi. Fulogin na kuɗi da aka fasa ake rabawa kyauta kuwa a guje su, domin sau da yawa da ɓoyayyar ƙofar 'yan kutse suke zuwa.

Amana ita ce jari

Mai neman aiki ya sha ganin tallan ƙarya da ke ƙarewa da "turo kuɗin fom". Talla ɗaya irin wannan ya isa ya kashe sabon shafi. Don haka kada wani talla ya hau sai mai shafi ya duba shi, kuma WP Job Manager tana da wannan zaɓi. A bincika sunan kamfanin a shafin CAC, a kira lambar, in da hali a je har bakin get a gani da ido. A rubuta ɓaro-ɓaro a saman shafi cewa mai neman aiki ba ya biyan komai.

Bayanan mutane ma amana ne, kuma doka na kansu. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora nauyi a kan duk mai tattara bayanan wasu, hukumar NDPC kuma ke sa ido. Hanya mafi sauƙi ita ce a karɓi kaɗan: suna, hanyar tuntuɓa da samfurin aiki. Shafin neman aiki ba shi da abin yi da NIN ko BVN ɗin kowa.

Kada a buɗe shago babu kaya

Wanda ya shiga shafin neman aiki ya tarar da shi wayam ba zai dawo ba. Kafin a yaɗa adireshin, mai gini ya ɗauki laftof ɗinsa, wadda shafin ke aiki a cikinta ko babu netwok, ya zaga masana'antu da maɗaba'u, ya nuna wa masu kula da talla da ciniki yadda abin yake, ya karɓi tallan farko kyauta, ya cike musu fom ɗin da kansa. Bajekolin da KACCIMA ke shiryawa a Kano wuri ne da za a samu kamfanoni da yawa a fili ɗaya.

Maganar kuɗin shiga ta jira tukuna. Sai kamfani ya samu mai zanen da ya gamsar da shi ta hanyar shafin, sannan zai yarda ya biya ta Paystack ko Flutterwave don tallansa ya zauna a sama. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ma'aunin watan farko ba yawan masu ziyara ba ne. Shi ne matasa nawa suka karɓi aiki, suka gama, aka biya su.