YADDA AKE SA DUTSE MAI GARDAMA YA YI SHEƘI

Yau zancen dutsen ado za mu yi, irin wanda ake gogewa har ya yi sheƙi, a huda shi, a rataya a wuya ko a ɗaura a hannu.

Ƙasarmu ta Korgom da Tasawa da Mayahi jigawa ce. Mutum yakan daɗe yana tafiya bai yi tuntuɓe da dutse ba. Amma akwai tsakuwa. Masu ginar rijiya suna fiddo ta, ana kuma samun ta cikin kwarin Gulbin Kaba da na Gulbin Maraɗi. Akwai fara, akwai ja, akwai mai ruwan zuma. In an jiƙa ta sai ta yi ƙyalli. In ta bushe sai ta dushe.

Mene ne dalili? Jikin tsakuwa cike yake da ƴan zane-zane waɗanda ido ba ya gani. Su ke watsa haske. In ruwa ya cike su, sai jikin ya zama sumul, haske ya dawo wa ido kamar madubi. To, aikin mai goge dutse ke nan: ya yi ta rage zanen nan har dutse ya yi ƙyalli ko da yana bushe.

SANA'A CE MAI TARIHI

Tsakiya da talhatana da iyayenmu mata ke ado da su, da yawansu daga nesa suka fito. Wasu daga garin Kambay na ƙasar Indiya. Wasu daga garin Idar-Obastain na Jamus, inda tun ƙarni na 19 ake sarrafa dutsen da ake kawowa daga Barazil, a da kuma ana aiko shi Afirka.

Amma ƙasarmu ma ta ba da nata. Daga wajen Kirtashi, a bakin kogin Kwara, fatake Hausawa suka riƙa ɗaukar wani jan dutse suna kai shi Ilori, ƙasar Yarbawa. Can ake fasa shi, a huda, a wasa shi bisa dutse, sa'an nan a goge shi bisa allon itace. Shi ne dutsen wuyan da ake kira lantana. Sana'ar ta yi ƙarfi a ƙarni na 19, ta ja baya tsakanin shekarun 1920 da 1930.

A Kambay, mutanen da suna da wata dabara. Sukan zuba duwatsu cikin jakar fata, su sa ruwa da garin guga, su ɗaure baki, su yi ta mirgina jakar kwana da kwanaki. Duwatsun suna gogar juna har su yi sulɓi. Yau ana wannan aiki da ƙaramar ganga ta roba wadda inji ke juyawa a hankali, dare da rana. A ƙasashe kamar Amurka mutane da yawa suna yin sa a gida don sha'awa. Da jaka, da ganga, da hannu, ƙa'idar duk ɗaya ce.

KU FARA DA SANIN TAURIN DUTSE

A shekara ta 1812 wani masani Bajamushe mai suna Mos ya jera duwatsu bisa taurinsu, daga lamba 1 zuwa lamba 10. Mai babbar lamba yana zana mai ƙarama. Mai ƙarama ba ya zana mai babba.

Lamba 2: jips, wanda ake tsinta a Adar.
Lamba 3: dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza.
Lamba 7: ƙanƙara, wato dutsen da ake ƙyasta wuta da shi. Tsakiya da lantana danginta ne.
Lamba 10: lu'ulu'un da ake kira daimon.

Ba sai da na'ura za ku gwada ba. Farcen mutum yana wajen 2 da rabi. Bakin wuƙa da fasasshiyar kwalba suna wajen 5 da rabi. In farce ya zana dutse, mai laushi ne ƙwarai. In wuƙa ta zana shi, matsakaici ne. In wuƙa ta kasa, shi kuma ya zana kwalba, to mai tauri ne, irinsa ya fi karɓar sheƙi.

Ga doka ta fari: kada a haɗa mai tauri da mai laushi cikin ganga ɗaya. Mai tauri zai cinye ɗan'uwansa.

MATAKAI HUƊU NA GUGA

Rairayi taurinsa 7 ne, daidai da ƙanƙara. Shi ya sa gulbi ke ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya mulmula tsakuwa. Mai son sauri sai ya nemi abin da ya fi dutsen tauri. Akwai wani baƙin gari mai suna karborandam, taurinsa ya haura 9. Shi ne kuke gani manne a jikin baƙar takardar guga wadda masu fentin mota ke aiki da ita cikin ruwa. A bayan takardar akwai lamba. Ku lura da kyau: ƙaramar lamba, gari mai kaushi. Babbar lamba, gari mai laushi.

Mataki na 1: lamba 60 zuwa 90. Shi ke cin kusurwa, ya ba dutse siffa.
Mataki na 2: lamba 120 zuwa 220. Shi ke share zanen da na fari ya bari.
Mataki na 3: lamba 500 ko 600. A nan dutse ke yin sulɓi.
Mataki na 4: garin sheƙi. Wani farin gari ne mai laushi kamar kwalli, sunansa alumina.

Cikin ganga, kowane mataki kwana 7 ne. Kwana 7 sau 4, kwana 28 ke nan. Amma mataki na fari yakan nemi a maimaita shi sau biyu ko sau uku. A cika ganga da duwatsu manya da ƙanana har kashi biyu cikin uku. A zuba ruwa ya kusan kai saman duwatsun. A sa gari kamar babban cokali 4 ga kowane kilo na dutse.

Wanda ba ya da ganga, hannunsa ya isa. Ya shimfiɗa takarda bisa gilashi ko allo mai sumul, ya jiƙa ta, ya yi ta guga, lamba bayan lamba. Ya ci gaba har 1000 da 2000. Daga ƙarshe ya goge bisa fata da aka ɗaure a kan allo, da ɗan garin sheƙi da ɗigon ruwa.

Kada a tsallake mataki. Gari mai laushi ba ya iya share babban zane. In an tsallake, za a yi ta guga a banza.

DUWATSU MASU GARDAMA

Wani ya bi matakan nan duka, amma dutsensa ya fito a dushe. Gardamar dutse iri biyar ce. Kowace da maganinta.

Na ɗaya, dutse mai shan ruwa. Misali marmara, da dutsen da asalinsa rairayi ne ya dunƙule. Ku ɗiga masa ruwa. In ya shanye nan da nan, jikinsa duk ƙofofi ne. Ana guga, yana zubar da ƙwayoyi. Wannan ba zai yi sheƙi ba har abada. Ku ajiye shi gefe tun da fari, kada ku yi hasarar gari da lokaci.

Na biyu, dutse mai gauraye. Misali manyan duwatsun Damagaram. Ku duba ɓallinsu, za ku ga abu uku: fari mai taurin 7, ja-ja mai taurin 6, da baƙi mai walƙiya wanda bai wuce 3 ba. In an goge, mai laushin yana riga sauran cinyewa, sai jikin ya yi ƴan ramu. Maganinsa, a rage kwanakin gari mai kaushi, a ƙara na mai laushi. Ya fi kyau a ƙarasa shi da hannu bisa abu mai ƙarfi, kamar gilashi, don kada guga ta shiga ramun.

Na uku, dutse mai saurin ɓantarewa. Misali farar ƙanƙara mai garai-garai, da gutsuren kwalba. In suka faɗa wa juna da ƙarfi, gefensu yana yin fari kamar an barbaɗa gari. Bugu ne ya jawo haka. Maganinsa, a ƙara cika ganga har kashi uku cikin huɗu, don faɗuwa ta ragu. Daga mataki na 3 a sa matashi tsakaninsu: ƴan guntayen fata ko na roba. Wasu sukan ƙara sukari kaɗan don ruwan ya yi kauri.

Na huɗu, dutse mai tsaga ko rami. Wannan shi ne munafuki. Yana ɓoye ƙwayar gari mai kaushi cikin tsagarsa, ya kai ta mataki na ƙarshe, ya sake ta can. Ƙwaya ɗaya tak ta isa ta zane duk abin da ke cikin ganga. Maganinsa, a fasa shi a kan tsagar, ko a maida shi mataki na 1 har ramin ya ɓace. In ya ƙi, a fidda shi.

Na biyar, dutse mai laushi. Kwana 7 cikin gari mai kaushi sai ya zama kunu. A fara shi daga lamba 220, a riƙa duba shi kullum. Hannu ya fi masa ganga. Maƙeran Abzin ma, in sun sassaƙa zoben dutse na damtse, sukan shafa masa mai su sa hayaƙi ya baƙanta shi, don dutsen ba mai tauri ba ne.

TSABTA ITA CE RABIN AIKI

Tsakanin mataki da mataki, a wanke kome: duwatsu, ganga, murfi, hannu. A yi amfani da sabulu da tsohon buroshin haƙori. Matashin da ya yi aiki a mataki ɗaya, kada ya shiga na gaba. Kada a bar taɓon guga ya bushe a jikin dutse, yana daskarewa kamar siminti. Bayan mataki na 4, a juya duwatsun cikin ruwan sabulu na ƴan awoyi, sheƙin zai ƙara fitowa.

In za ku duba aikinku, ku shanya dutse tukuna. Jiƙaƙƙen dutse maƙaryaci ne.

Wannan zai amfane ku a kasuwa. Wani yakan shafa wa dutse mai don ya yi ƙyalli. Ku wanke da sabulu, ku bari ya bushe. Sheƙin gaskiya ba ya fita. Akwai kuma tsakiya da talhatana na gilashi. Ku ɗaga su a rana. In kun ga ƴan kumfa a ciki, ko layi a gefe inda aka haɗa mazubi, to gilashi ne, kada ku biya kuɗin dutse.

HATTARA DA ƘURA

Jama'a, ku saurari wannan da kunnen basira. Kada a taɓa goge dutse a bushe. Ƙurar ƙanƙara tana shiga huhu, ba ta fita. Tana taruwa shekara da shekaru har huhu ya ƙage, mutum ya yi ta tari, numfashi ya gagara. Cutar ba ta da magani, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. A Kambay ta kashe masu wasa dutse da yawa, waɗanda suka yi aiki da inji ba ruwa. Ruwa shi ne rigakafi. A jiƙa dutse, a jiƙa takarda. Taɓon da ya rage a gina rami a bisne shi, kada ya bushe iska ta ɗauka. In za a fasa dutse, a rufe shi da tsumma, a kare ido, a kori yara gefe.

Wanda ke son gwadawa, ga abin da zai yi cikin wannan mako. Ya tsinci tsakuwa goma. Ya gwada kowace da farce, da wuƙa, da kwalba, da ɗigon ruwa. Ya raba su kashi-kashi. Wadda ta zana kwalba, ba ta sha ruwa, ba ta da tsaga, da ita zai fara.

Sai wani mako. Mu kwana lafiya.