Araha ba ta ado: Yadda ake zaɓen tocila mai ƙarko da yi mata kwaskwarima a Obi

A Ƙaramar Hukumar Obi da ke kudancin Jihar Nasarawa, faɗuwar rana ba ta kawo ƙarshen aiki. Manomin doya kan kama hanyar gona tun kafin gari ya waye, direbobi na lodi a kasuwar Agyaragu har cikin dare, ’yan sintiri na zagaya unguwanni, ɗalibai kuma na bitar karatu bayan sallar isha’i. Duk waɗannan mutane abu guda ya haɗa su, wato tocila. Sai dai mafi yawan tocilolin da ake saya da araha ba sa ganin damina biyu, ta yadda magidanci kan sayi uku ko huɗu a shekara, ya kashe kuɗin da ya isa ya mallaki guda ɗaya mai nagarta.

Jihar Nasarawa na cikin yankin da kamfanin rarraba lantarki na Abuja, AEDC, ke kula da shi. A shekarar 2022 an ƙaddamar da babbar tashar lantarki ta Akurba a Lafiya, abin da jama’ar jihar suka daɗe suna jira. Amma babbar tasha daban, wayar da za ta kai wuta ƙauye daban, kuma har yanzu akwai garuruwa da rugage da dama da dare ke riskar su cikin duhu. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya sa tayar da janareta ya fi ƙarfin talaka, kananzir kuwa ya riga ya yi tsadar da ta kori fitilar ƙwai da aci-balbal daga gidaje da yawa.

Batun ya wuce jin daɗi. Obi na cikin kwarin Binuwai, yankin da aka san shi da kububuwa, macijiyar da dafinta ke hana jini daskarewa, wadda kuma ta fi yawo da almuru da dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi sakaci da su a 2017, kuma cikin shawarwarinta na rigakafi akwai sanya takalmi rufaffe da riƙe fitila yayin tafiyar dare. Saboda haka tocilar da ta mutu a tsakiyar hanyar gona tana iya zama sanadin asarar ƙafa ko ta rai. Fitilar wayar salula ba ta maye gurbinta ba, domin haskenta ba ya zuwa nesa, tana kuma cinye cajin da za a buƙata wajen kiran agaji.

Asalin ƙwan LED

Ƙwan da ke cikin tocilolin yau ba shi da zaren da ke ƙonewa kamar tsohon ƙwai. Injiniya Nick Holonyak ne ya ƙera mai jan haske a Amurka a 1962, amma farin haske bai samu ba sai bayan da masanan Japan uku, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka samar da mai shuɗin haske a farkon shekarun 1990. Wannan aiki ne ya ba su kyautar Nobel ta 2014. Farin ƙwan da muke gani shuɗi ne a asali, an shafa masa wani sinadari mai ruwan ɗorawa da ke sauya launin hasken.

Ƙwai mai kyau na iya ba da kimanin lumen 100 a kan kowane wat ɗaya na wuta, alhali kyandir guda ba ya wuce lumen 12 ko 13. Kuma shi kansa ƙwan yana iya yin dubban sa’o’i yana aiki muddin zafi bai yi masa yawa ba. Wannan ya sa idan tocila ta mutu, da wuya a ce ƙwan ne ya fara gajiya. Galibi matsalar tana ga batir, ko makunni, ko tsatsar da ta kama sifirin, ko wayar da ta tsinke a ciki.

Abin da za a duba kafin a biya kuɗi

Abu na farko shi ne kada mai saye ya ruɗu da lambobin da ke jikin kwali. Akwai tocilolin da ba su fi tafin hannu ba da aka rubuta musu lumen 90,000. Lissafi kaɗan ya isa ya tona asiri: irin wannan haske na buƙatar wutar da ta kai wat 900, kusan abin da dutsen guga na lantarki ke sha, kuma babu ƙaramin batirin da zai iya ɗaukar wannan nauyi. Abin da ake buƙata a zahiri bai kai haka ba. Lumen 10 zuwa 20 sun isa neman kaya a ɗaki, 100 zuwa 200 sun isa tafiya a hanyar gona, mai sintiri kuwa 300 zuwa 500 za su wadatar da shi. Tocilar da ke da matakin haske ƙarami da babba ta fi wadda ke da ƙarfi ɗaya tak amfani, domin ƙaramin matakin ne ke sa batir ya kai mako.

Na biyu shi ne irin batirin. Tocilolin kasuwa kashi uku ne. Akwai masu cin batirin da ake yarwa, wanda ke da sauƙin samu a kowane shago amma yana cin kuɗi a hankali, kuma idan ya kwana biyu a ciki yakan zubar da ruwan da ke cinye ƙarfe. Akwai masu ƙaramin batirin dalma mai bolt 4, waɗanda ake soka su kai tsaye a soket ɗin bango. Irin wannan batir ba ya jure zama babu caji, domin idan ya ƙare aka bar shi kwanaki, wani gishiri kan daskare a farantan cikinsa ya hana shi sake riƙe wuta. A garin da wuta ke yin mako ba ta zo ba, ajalinsa a kusa yake. Kashi na uku su ne masu batirin litiyam mai lamba 18650, wanda sunansa ya fito daga girmansa: kauri milimita 18, tsayi milimita 65. Shi ne ya fi dacewa, musamman idan ana iya kwance tocilar a ciro shi a sauya.

Shi ma wannan batir akwai na jabu. Mafi ingancin da manyan kamfanoni ke yi ba ya wuce mAh 3,500 da wani abin kirki, don haka duk wanda aka rubuta masa 8,800 ko 9,900 ƙarya ce tsagwaronta. Na gaske yana da nauyin kusan giram 45, na jabu kuwa yakan yi shafal a hannu. Batir mai mAh 2,500 na gaskiya zai riƙe ƙwai mai wat ɗaya kimanin sa’o’i bakwai.

Na uku shi ne gangar jiki. Ta alminiyam ta fi ta roba, domin tana jure faɗuwa, tana kuma janye zafi daga ƙwan. A kwance murfin baya a duba ko akwai zoben roba a bakin zaren, wanda shi ke hana ruwa da ƙura shiga. Alamar IPX4 na nufin tocila na jure fantsamar ruwa, IPX7 kuwa na nufin za ta iya yin minti 30 a ruwa mai zurfin mita ɗaya. Tocilolin da ake jan kansu gaba da baya don faɗaɗa haske suna da ban sha’awa, amma duk jan da aka yi suna zuƙo iska da ƙura da laima. A danna makunni sau ashirin a gaban mai shago, a girgiza tocilar tana kunne. Idan hasken ya yi ƙyaf-ƙyaf, a ajiye ta. Launin haske ma abin lura ne, domin fari mai shuɗi-shuɗi yana dawowa ido a cikin hazon hunturu, wanda ya ɗan karkata zuwa ruwan ɗorawa kuwa ya fi nuna bambancin maciji da busasshen ganye. Ga manomi da ungozoma da bakanike, tocilar goshi ta fi ta hannu, tunda tana barin hannuwa biyu su yi aiki.

Kwaskwarimar da ke tsawaita rai

Gyara mafi sauƙi ba ya buƙatar ko sisi. A goge sifirin da bakin batir da samfefa mai laushi har ƙarfen ya yi ƙyalli, a shafa ɗan man giris a zaren murfi, a kuma naɗe gangar da robar tsohuwar tayar babur domin ta rage ƙarfin faɗuwa. Igiyar da za a rataya a wuyan hannu tana hana tocila faɗawa rijiya. Wanda ke son hasken ɗaki sai ya kifa farar robar magani ko farin kofi a kan tocilar ya tsayar da ita, nan take hasken zai bazu kamar na fitilar tebur.

Gyara na biyu aikin mai gyaran waya ne ko mai gyaran rediyo, wato sauya mataccen batirin dalma da 18650. A nan ne ake yin kuskuren da ke jawo gobara. Cajar da ke cikin tocilolin soket kafasita ce kawai da ’yan ƙananan kaya. Ba ta san batir ya cika ba, ba ta kuma raba cikin tocilar da wutar bango. Shi ya sa kunna irin wannan tocila tana kan caji ke ƙona ƙwayayenta idan batirin ya yi rauni. Batirin litiyam kuwa ba ya yarda a wuce bolt 4.2 wajen cajinsa. Saboda haka wajibi ne a cire tsohuwar cajar gaba ɗaya tare da ƙarafan da ake sokawa a bango, a saka ƙaramin allon caji mai suna TP4056, wanda ake samu a shagunan kayan gyaran waya da kwamfuta. A zaɓi mai ɗauke da kariya, wanda ke yanke wuta idan batir ya cika ko ya yi ƙasa da kima. Daga nan tocilar za ta riƙa caji da wayar USB, ko daga cajar salula, ko daga ƙaramin faifan sola mai fitar da bolt 5, abin da ya raba mai ita da jiran wutar gari.

Gyara na uku shi ne daidaita wutar da ke shiga ƙwan. Farin ƙwai na aiki ne a wajen bolt 3, kuma idan aka haɗa shi da batir kai tsaye zai sha fiye da ƙarfinsa, ya yi zafi, ya dushe cikin ’yan makonni. Rizista mai om 2 zuwa 3 ta isa ƙwai mai wat ɗaya. Wanda ya fi ta kyau shi ne ɗan guntun da ake kira AMC7135, mai tsayar da wuta a miliamfiya 350. Idan aka rage wutar da rabi, ido ba ya ganin hasken ya ragu da rabi, amma kwanakin batir sukan ninka. Ga gidan da caji ke wuya, wannan ciniki ne mai riba.

Masu gyara da yawa na ciro 18650 daga tsofaffin batiran kwamfutar tafi-da-gidanka, waɗanda galibi ke ɗauke da guda shida. Dabara ce mai kyau idan an tantance. Duk wanda mita ta nuna ya gaza bolt 2.5, ko ya lotsa, ko ya yi tsatsa, ko yake zafi yayin caji, a ware shi. Wanda ledar jikinsa ta yage a sake masa riga, domin gangar tasa gaba ɗaya waya ce, kuma taɓa ƙarfe kaɗan na iya tayar da wuta.

Hattara da zafi da dalma

Watannin Fabrairu zuwa Afrilu lokaci ne na tsananin zafi a Lafiya da kewaye, batirin litiyam kuwa ba a son a yi cajinsa a zafin da ya haura digiri 45. Kada a bar tocila a rana tare da faifan sola. Faifan ya zauna a waje, ita kuma a inuwa. Kada a yi caji a kan katifa ko kusa da buhunan riɗi da galan ɗin fetur, kada kuma a zuba batir tsirara a aljihu tare da makullai.

Mataccen batirin dalma shi ma haɗari ne. Ƙasar nan ta ga illar gubar dalma a Jihar Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu sakamakon sarrafa duwatsun zinare a cikin gidaje. Tushen gubar ya bambanta, amma dalmar ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar yara ta fi yi wa lahani. Bai kamata a fasa batir a tsakar gida ba, ko a jefa shi a wutar bola, ko a bar yara su mayar da shi abin wasa. A tara su a rufaffen mazubi nesa da rijiya, a miƙa wa masu sayen tsofaffin batira.

Akwai kuma nauyin da ke kan hukumomi. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ce ke da alhakin tantance kayan lantarkin da ake shigowa da su, hukumar NESREA kuma ke kula da sharar da ke gurɓata muhalli. Shirin Lighting Africa da Bankin Duniya ya ƙaddamar a 2007 ya haifar da tsarin gwajin fitilun sola wanda yanzu ake kira VeraSol, inda ake auna ko abin da aka rubuta a kwali gaskiya ne. Idan dillalan Lafiya da na Obi suka fara neman kayan da suka ci irin wannan gwaji, aka kuma koya wa matasa masu gyaran waya yadda ake saka allon caji daidai, tocilolin da ke cike bola a yau za su koma hannun masu su da ɗan kuɗi kaɗan. Kafin nan, wanda zai shiga kasuwa ya tafi da tambayoyi uku ga mai shago: wane irin batir ne a ciki, ana iya ciro shi, kuma idan ya mutu ina ake samun wani?