Kuskuren Ɗan Adam da Haɗarin Jirgin Sama

Duk maniyyacin da ya taso daga Gwarzo ko Kabo zuwa filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, ya damƙa ransa ne, bayan Allah, a hannun matuƙa da makanikai da masu hasumiya. Binciken masana ya nuna cewa galibin haɗarurrukan jirage akwai hannun ɗan Adam a cikinsu.

Alal misali, ranar 4 ga Mayu, 2002, jirgin kamfanin EAS samfurin BAC 1-11 ya faɗa unguwar Gwammaja a Kano, mutane fiye da 100 suka rasu. Ana gyaran babban titin tashi a lokacin, sai aka yi amfani da gajeren. Ga kuma zafin bazara. Idan iska ta yi zafi takan saki, don haka fukafukai ba sa samun abin dogara sosai, injin ma ƙarfinsa kan ragu, wato dole jirgi ya ƙara nisan gudu kafin ya ɗaga. Wannan jirgi ya zarce ƙarshen titi, injinansa suka shaƙi ƙura. Masu bincike sun ɗora laifin a kan rashin kyakkyawan lissafi da ƙarancin haɗin kai tsakanin matuƙan biyu.

Haka kuma, ranar 11 ga Yuli, 1991, jirgin alhazan Sakkwato ya ƙone a Jidda da mutum 261. An san iskar tayoyinsa ba ta cika ba, amma aka ƙi tsayawa don gudun jinkiri. Tayoyin suka fashe, wuta ta kama, aka naɗe su cikin jirgin. Gaggawa, in ji Bahaushe, aikin Shaiɗan.

To, ina mafita? Tun bayan karon jirage biyu a Tenerif a 1977, wanda ya ci mutum 583, aka ɓullo da horon da ke bai wa ƙaramin matuƙi damar faɗa wa kyaftin gaskiya idan ya ga zai kauce. Akwai kuma takardar tantancewa da ake karantawa a bayyane kafin tashi, da ƙayyade sa'o'in aiki saboda gajiya, da baƙin akwati mai adana bayanan tafiya.

Saboda haka, idan aka jinkirta tashin jirgi don a duba taya, fasinja ya yi haƙuri. Rigakafi ya fi magani.