Bayan an cire nono: jita-jitar Sakkwato da abin da likita ke iyawa

Duk wanda ya taɓa leƙa Asibitin Noma da ke cikin garin Sakkwato ya san likita na iya gina abin da ciwo ya cinye. Tun 1999 ake kawo yaran da cutar noma ta ci wa leɓe ko kunci ko hanci, a yanko fata daga wani sashe na jikinsu a rufe ramin, yaro ya koma ƙauyensu yana cin tuwo da bakinsa. Daga 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF ta shigo tana dafa wa asibitin. Ban taɓa jin wanda ya kira aikin nan haramun ba. Amma a ce macen da aka cire wa nono saboda ciwon daji za a iya gina mata wani, nan take zance ke canzawa. A wurin dubiya da gidan suna sai ka ji wata ta ce roba ce, fashewa take yi. Wata ta ce shi ke maido da ciwon. Wata kuma ta rufe zancen da cewa canza halittar Allah ne. A cikin maganganun nan akwai ƙarya tsagwaronta, akwai kuma wadda ke da ƙamshin gaskiya.

Kansar nono ita ce kan gaba cikin ire-iren kansar da ke kama matan Najeriya. Cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 kaɗai mata sama da 28,000 suka kamu a ƙasar nan, kimanin 14,000 suka rasu. Babban dalilin yawan mutuwar shi ne zuwa asibiti a makare, kuma tsoron yanke nono na cikin abubuwan da ke sa a makara. Tsoron yana da tushe. A 2010 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun wallafa sakamakon bibiyar matan aure 81 da aka cire wa nono. Wata shida bayan aiki, kusan kashi 68 cikin ɗari suka ce ba sa jin su cikakkun mata ne. Bayan shekara uku, kashi 38 cikin ɗari aurensu ya mutu ko sun rabu da mazajensu. Macen da ta ce gara a binne ta da nononta ba hauka take yi ba, ta ga yadda ta kaya da maƙwabciyarta ne.

Uwar jita-jitar ita ce wai daji ba ya son ƙarfe: in allura ko wuƙa ta taɓa shi, sai ya fusata ya watsu. Ga yadda maganar ta samu gindin zama. Mace ta ji ƙululu kamar ƙwallon dabino a nononta, ba ya ciwo, sai ta yi shiru. Aka yi shafe-shafe, aka sha jiƙe-jiƙe, wani lokaci har wanzami ya tsaga. Shekara ta zagayo, wurin ya fashe yana wari, sannan aka ɗauko ta zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A lokacin ciwon ya riga ya bi jini da hanyoyin kaluluwa ya sauka a hanta, ko huhu, ko ƙashin baya. Likita ya cire nonon don a raba ta da gyambo da zubar jini. Bayan 'yan watanni ta cika, sai dangi suka ce ai tun da aka taɓa shi ba ta sake lafiya ba. Ciwon ya yi tafiyarsa tun kafin wuƙa ta iso. Allurar da ake tsakuro ɗan nama da ita don gwaji ba ta watsa kansa, kuma in babu gwajin nan ba yadda za a san irin maganin da zai yi mata.

Daga wannan aka samo ta biyu, wai gina sabon nono yana tayar da ciwon, ko yana ɓoye shi idan ya dawo. An shafe shekaru masu yawa ana bibiyar matan da aka yi wa ginin da waɗanda ba a yi wa ba, ba a ga ciwon ya fi dawowa ga na farko ba. Abin da ke sa ya dawo shi ne irinsa da matakin da aka same shi, da kuma ko an kammala magani. In ya dawo a ƙirji, galibi a fata ko dab da ƙarƙashinta yake ɓullowa, inda hannu ke iya jin sa. Inda maganar ke da ɗan ƙamshin gaskiya shi ne nan: gini ƙarin aiki ne, ƙarin ɗinki ne, kuma idan miki ya ƙi warkewa da wuri, fara ƙarin ruwan kemo na iya jinkirta. Shi ya sa idan ciwon ya yi nisa likita kan ce a gama magani tukuna. Wannan ba rowa ba ce. Ana iya yin ginin bayan watanni, har bayan shekaru.

Hanyar yinsa biyu ce. Ta farko ita ce jakar silikon ko ta ruwan gishiri. Sau da yawa ana fara sa wata jaka mara komai a ƙarƙashin fata ko tsokar ƙirji, duk mako ɗaya ko biyu mace ta zo a ɗura ruwan gishiri kaɗan da allura. Fatar na miƙewa sannu a hankali, ƙirjin ya riƙa ɗaurewa na kwana ɗaya ko biyu bayan kowace ɗura, har a kai girman da ake so, sannan a sake shiga ɗakin tiyata a sa ta dindindin. Ta biyu da naman jikin macen ake yi. Ana iya juyo tsoka da fatar gadon baya ta ƙarƙashin hammata zuwa ƙirji, dabarar da wani likitan Italiya, Iginio Tansini, ya bayyana tun 1906. Ana kuma iya ɗauko kitse da fatar mara, hanyar da Carl Hartrampf na birnin Atlanta a Amurka ya fito da ita a 1982. Daga baya aka ƙware har ana barin tsokar ciki a ɗauki kitsen kaɗai, a ɗinke ƙananan jijiyoyin jini a ƙarƙashin madubin likita, aikin da ke cin awa shida ko fiye. Kowace aka bi, mace za ta farka da siririn tiyo yana fitowa daga gefen haƙarƙarinta, yana ɗiga ruwa ja-ja cikin 'yar gora da za ta riƙa maƙalawa a zani tsawon mako ɗaya ko biyu. Ɗaga hannu ta ɗaura ɗankwali ma sai ta koya a hankali.

Batun haramci ya fi kowanne nauyi a garin Shehu, don haka a tsaya a kansa. Malamai sun daɗe da rarrabe tsakanin ƙarin ƙawa ga jikin da lafiyarsa lau, da maido da abin da ciwo ko haɗari ya ɗauke. Hujjar da aka fi kawowa ita ce labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa, ya yi masa wari, Annabi (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinariya, duk da cewa zinariya haramun ce ga namiji. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i duk sun ruwaito shi. A 2007 kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Putrajaya ta ƙasar Maleshiya kan tiyatar gyaran jiki, ta kuma ambaci sake gina nonon da aka cire a cikin abubuwan da ta halatta. Wanka da alwala ba sa samun tangarɗa, tunda abin yana ƙarƙashin fata ne, ruwa kuwa fata yake taɓawa. Abin dariya, wasu masu hana mace wannan da haƙorin Makka a bakinsu suke hanawa.

Sai zancen fashewa. An ce zafin Sakkwato zai narkar da robar, ko kuma ta fashe a jirgi in za a tafi aikin Hajji. Babu ko ɗaya. Silikon na jure zafin da ya ninka na watan Afrilu, kuma mata masu shi suna hawa jirgi kullum a duniya. Sai dai masu tsoronsa ba su rasa hujja gaba ɗaya ba. Jakar ba ta har abada ba ce: da shekaru tana iya tsagewa a canza ta. Jiki kan yi mata wani kwanso na tabo, wani lokaci ya ƙanƙance har nonon ya taurare ya yi ciwo, kuma hakan ya fi faruwa ga wadda aka yi wa gashin na'ura. A 2010 aka kama kamfanin PIP na Faransa yana cika jakunkuna da silikon ɗin masana'antu. A 2019 kamfanin Allergan ya janye wani nau'in jakarsa mai kaushin baya daga kasuwannin duniya, saboda an danganta shi da wata kansar kaluluwa da ba kasafai ake samu ba, wadda galibi ke warkewa idan an cire jakar da kwansonta da wuri. Don haka duk wadda za a sa wa, ta nemi katin da ke ɗauke da sunan kamfani da lambar jakar, ta adana shi. Allurar ruwan silikon kai tsaye cikin nama, irin wadda ake yi a ɓoye a shagunan gyaran jiki, wannan wani abu ne daban, kuma tana kisa.

Akwai kuma ƙaryar da ke zuwa ta ɗaya ɓangaren, mai daɗin ji, wai sabon zai dawo kamar na da. Ba zai dawo ba. Siffa ce ake maidowa. Ba ya kawo ruwan nono, domin an cire abin da ke yin ruwan, ko da yake ɗayan nonon na iya shayar da jariri shi kaɗai. Fatar wurin kan zama dindiris, a taɓa ba ta ji sosai, tunda an yanke jijiyoyin ji. Na silikon ya fi tsayuwa kuma ya fi sanyi, ga shi ba ya zubewa tare da ɗan'uwansa idan shekaru suka ja. Kan nonon ma sai daga baya ake tattare fata a yi shi, wasu matan kuma su ce a bar shi haka. Tabo yana nan, a ƙirji da kuma inda aka ɗauko naman. Matan da aka faɗa wa wannan tun farko sun fi gamsuwa da abin da suka samu. Kuma babu likitan da zai iya ɗinke auren da miji ya riga ya saki a zuciyarsa, shi ya sa nake ganin a shigo da maigida ɗakin likita tun ranar farko, ya ji da kunnensa cewa ciwon ba ya yaɗuwa ta kwanciya ko cin abinci tare.

Masu hakin maye kuwa, da ke tallar garin hulba da man shafawa wai suna tsiro da nonon da aka yanke, kuɗi kawai suke ci. Abin da aka cire ba ya tsirowa. Haɗarin ma ya wuce asarar kuɗi, domin yawancin kansar nono da sinadarin mata na jiki take girma, kuma ba wanda ya san abin da aka zuba cikin ƙullin da ba shi da suna.

An kuma ce ba a yin ginin nono sai an je Indiya ko Masar. Asibitocin koyarwa na Najeriya suna da likitocin gyaran jiki da ƙuna, har da na Sakkwato, kuma juyo naman baya ba ya buƙatar kayan da babu su a nan. Da shi ma ake rufe babban ramin da ke saura idan an cire ƙari mai girma. Gaskiyar da ke cikin maganar ita ce likitocin kaɗan ne, jakar silikon daga waje take zuwa da farashin dala, kuma iyalin da suka sayar da gona don kemo ba su da sauran abin yin ƙarin aiki. A Amurka tun 1998 doka ta tilasta wa kamfanin inshorar da ya biya kuɗin cire nono ya biya na gina shi. A nan gwamnatin tarayya ta buɗe asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu kansar nono da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza a 2021, aka fara da asibitoci shida, na Zariya ne ya wakilci Arewa maso Yamma. Hankalin asusun yana kan ceto rai ne, kuma haka ya dace a fara.

Abin da ba a cika faɗi a wurin dubiya ba shi ne ba kowace mai kansar nono ake yanke wa nono ba. Umberto Veronesi a Milan da Bernard Fisher a Amurka sun bibiyi mata tsawon shekara ashirin, suka wallafa sakamako a 2002: idan ƙarin ƙarami ne, cire shi kaɗai a bi da gashin na'ura yana ba da tsawon rai daidai da cire nonon gaba ɗaya. Sashen gashin nan yana nan a asibitin koyarwa na Sakkwato, ana zuwa masa daga Kebbi da Zamfara. Wato wadda ta zo da ƙululunta yana ƙarami na iya komawa gida da nononta na asali, wadda ta ɓoye shi don tsoron yanka ita ce ta fi kusa da yankan.

Wadda kuma ba ta son ƙarin tiyata, ko ba ta da hali, ba ta yi laifi ba. Da yawa suna cusa tsumma ko auduga a rigar nono, hijabi ya rufe sauran. Akwai nono na sawa a cire da aka yi don haka, ana fara amfani da shi bayan miki ya warke, wajen mako shida zuwa takwas. Na silikon yana da nauyin da ke daidaita kafaɗu, amma a zafinmu yana tara gumi ya kawo ƙuraje, don haka wasu sun fi son na zaren auduga da ake saƙawa da hannu, a wanke a shanya. Kumburin hannu da ke samun wasu bayan aiki daga cire kaluluwar hammata yake, ba ruwansa da gini ko rashinsa. Wadda ke tunanin ginin, ko da nan da shekara biyu ne, ta faɗa wa likitanta kafin ranar tiyata, domin inda zai bi da wuƙa da yawan fatar da zai bari duk sun dogara da amsarta.