Ruwan Wikki da Gajiyar Masu Bishararmu

A gandun dajin Yankari, ƙaramar hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, akwai wani marmaro da ake kira Wikki. Ruwan yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garai-garai, har mutum yana ganin yashin ƙasa. Ɗuminsa kamar digiri 31 ne, dare da rana, ko da hunturu. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962. Ya zama na Tarayya a 1991, sa'an nan ya komo hannun Jihar Bauchi a 2006.

A saman gangaren akwai ɗakunan kwana fiye da 100, waɗansu zagayayyu kamar ɗakunanmu na ƙauye. Abin dariya, irin ɗakin da yaranmu na Damari suke rainawa shi ne manyan birni suke biyan kuɗi su kwana ciki. Da safe mota ta kai baƙi kallon giwaye a bakin kogin Gaji, da yamma su shiga ruwa. Sai dai a rufe ƙofa, gama gwaggon biri ba ya jin kunyar ɗauke abincin baƙo.

Waɗansu za su ce wannan shagalin masu kuɗi ne. Amma mu duba Ikogosi a Jihar Ekiti, inda ruwan ɗumi da na sanyi suke haɗuwa tsakanin duwatsu. Wani mishan na Baptis, John McGee, ya je wurin a 1952, daga baya ya gina sansani domin matasan ikkilisiya. Gwamnati ta karɓe shi a shekarun 1970, ya zama wurin shaƙatawa. Ashe aikin ikkilisiya ne tun farko. Ubangiji kansa, a Markus sura 6, ya janye almajiransa gefe domin su huta.

Mu a nan Kankara, Faskari da Sabuwa mun san yadda masu bishararmu suke. Tun kafin a sace ɗaliban Kankara a Disamba 2020 suke kwana da ido ɗaya. Su ne masu jana'iza, su ne masu karɓar waɗanda suka gudo daga ƙauyuka, ga kuma gona. Matansu ma haka.

Shawararmu ga dattawa da zumuntar mata ita ce, in an yi baikon kaka, kowace majami'a ta ware buhun masara ɗaya. A haɗa a sayar, a tura mai bishara ɗaya da matarsa Wikki kwana uku, dattawa su riƙe sujada har su dawo. Baɗi kuma a tura wani.