Kafin a ɗaura wa tsohuwar kwamfuta babban faifai

Da dama daga cikin kwamfutocin da ke aiki a Damagaram, daga shagunan buga takardu na kewayen Kasuwar Dole zuwa ɗakunan ɗaliban Jami'ar André Salifou, na hannu ne da suka gama hidima a wata ƙasa kafin su iso Nijar. Idan wuri ya ƙare, mai ita ya sayo babban faifan ajiya, mai gyara ya ɗaura, ya zuba Windows, ya miƙa masa. Abin da ake yawan tsallakewa shi ne rarraba faifan kafin a zuba masa komai, kuma a ganina wannan ɗan aikin ya fi girman faifan muhimmanci.

Da farko dai, tsohuwar na'ura tana da iyakar abin da take iya ƙirgawa. Faifai a yanke yake ƙanana-ƙanana, kowane yanki na ɗaukar bayit 512, kuma kowanne da lambarsa. Kwamfutocin da aka ƙera kafin wajen 2002 suna rubuta wannan lamba da gurbi 28 kacal, don haka lissafinsu na tsayawa a gigabayit 137. Windows XP na farko, kafin gyaran da aka yi masa a 2002, yana da wannan matsalar, kuma haɗarinta ya wuce rashin ganin sauran wurin: lissafi na iya zagayowa ya rubuta sabon abu a kan tsoho. Na'urorin da suka biyo baya sun tsallake wannan, amma tsarin rabo na MBR, wanda ya fito tun 1983, ba ya wuce terabayit 2, kuma manyan kaso huɗu kawai yake yarda da su. Wanda ya sayi faifai mai terabayit 4 ya ɗaura a kwamfutar da ba ta da UEFI, Windows ba zai tashi daga sabon tsarin rabo na GPT, wanda ya wuce wannan iyaka, ba, idan kuma ya koma MBR kusan rabin kuɗinsa ya zauna banza. Mafita ita ce ƙaramin faifai ya riƙe Windows, babban ya zama na ajiya.

Dalili na biyu ya fi shafar mu kai tsaye. Wutar Damagaram ta dogara sosai da layin da ke zuwa daga Najeriya, kuma kowa ya ga abin da ya faru da aka yanke shi a watan Agusta na 2023. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu tana lalata fayilolin tsarin, maganin da aka saba kuwa shi ne “a yi fomat”. In komai yana wuri guda, kundin ɗalibi da lissafin ɗan kasuwa da hotunan biki duk su tafi tare da Windows. In an raba gida biyu, zaure daban ɗakin ajiya daban, sai a share zauren kawai. Gigabayit 100 zuwa 150 sun ishi Windows da manhajojinsa, sauran a bar wa takardu, kuma a zaɓi tsarin fayiloli na NTFS, domin yana riƙe da bayanin aikin da bai kammala ba, ga shi tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabayit 4.

Masu gyara za su ce rabo ba ya ceton faifan da ya mutu. Gaskiya ne: zafin watan Afrilu da jijjiga a kan babur in suka kashe shi, kasonsa duka sun tafi, shi ya sa kwafi na biyu a wani faifai daban ya zama dole. Sai dai lalacewar manhaja da ƙwayar cutar da ke yawo a filas suna zuwa tun faifan yana da lafiya, kuma a nan ne rabon yake amfani. Wasu kuma za su ce a sayi sabuwar kwamfuta a huta, tunda Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa ba ya karɓar tsofaffin na'urori. Wannan shawara ce ta mai hali. Faifan da aka raba da kyau yana ba da damar zuba Linux a kaso ɗaya ba tare da an taɓa takardu ba, kwamfutar ta ci gaba da buga takardun makaranta da na kasuwa.