Mai Jego da Motsa Jiki: Keke ko Goyo?

A wani taron zumuntar mata, wata uwa ta nuna mana hoto a wayarta: Baturiya tana gudu, tana tura jaririnta cikin keke mai ƙafa uku. Ta ce, "Malam, mu ma sai mun sayi wannan kafin mu samu lafiya?"

Wani ɗan jarida a Amurka mai suna Phil Baechler ne ya ƙera irin wannan keke, aka fara sayar da shi a 1984. Yana da manyan tayoyi masu iska kamar na keken hawa, don kada gargada ta jijjiga yaro. Amma ko a can ba a gudu da jariri sai ya kai wata shida zuwa takwas, lokacin da wuyansa ya yi ƙwari. A nan kuwa, wanda ya san rairayin hanyoyin ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar ya san ƙafar keken nutsewa za ta yi, tsidau kuma ya huda tayar. Kuɗinsa zai sayi akuya a kasuwar Maigatari ran Alhamis. A ganina gara akuyar.

Abin da ake bukata shi ne motsin, ba keken ba. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa mai ciki da mai jego, in ba su da wata matsala, su motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Tafiya da ɗan sauri ta isa, irin wadda za ki iya hira amma ba za ki iya rera waƙa ba. Zani da majanyi sun wadatar. A fara da kewaya gida, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Daka da ɗaukar jarkar ruwa a makonnin farko ba motsa jiki ba ne, wahala ce. Maigida da 'yan'uwa su ɗauke mata. Wadda aka yi wa aiki ta jira izinin likita.

In za a fita da goyo, a tallafe kan jaririn, a juya fuskarsa gefe, hanci a sarari. Kada a lulluɓe shi da mayafi mai kauri. Kada a yi gudu ko tsalle da shi. A bazara zafin Gumel kan wuce digiri 40, don haka a fita da sassafe ko da yamma liƙis, uwa ta sha ruwa sosai. Shi kuwa yaron da bai kai wata shida ba, nono kaɗai ya ishe shi.

Akwai kuma maganar zuciya, 'yan'uwa, kada a yi wasa da ita. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura ciwon zuciya bayan haihuwa ya yawaita a ƙasar Hausa, suka kuma danganta shi da yawan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego da gashi. Mai jegon da take haki bayan 'yar tafiya, ko ƙafafunta suka kumbura, ko numfashi ya gagare ta in ta kwanta sai ta zauna, ko jini ya dawo da yawa, ta dakatar da tafiyar. Kada a ce gajiyar jego ce, kada a jira arba'in. A kai ta asibiti mafi kusa ko Babban Asibitin Gumel a ranar.